Tambayi Bakanike: Sitiyari na rawa da zarar mota ta ɗau gudu

Wasiƙu uku muka ɗauko wannan makon, duk kan tsofaffin motocin ƙwalisa ne kuma duk kukan ɗaya ne, rawar sitiyari. Ta farkon ta fi cin wuri don ita ce mai sarƙaƙiya.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Injiniya, da fatan kana lafiya, ya iyali ya jama'ar gareji. Dan Allah wata matsala ce ta ishe ni. Ina zaune a Bamingam nan Ingila, bara na sayi tsohuwar MGB ƙirar 1972, buɗaɗɗiyar nan mai kujera biyu, a hannun wani dattijon Bature da yace ta daɗe a ajiye a garejinsa baya fita da ita. Injin lafiya lau, giya lafiya, cikin gari baka jin komai, amma da na hau babbar hanya maleji ya kai mil 58 zuwa 65 sai sitiyari ya kama rawa a hannuna, hagu dama hagu dama da sauri har agogon hannuna na kaɗawa, in na daure na kai 70 sai ya ɗan lafa amma bai ɗauke duka ba. Rim ɗinta na waya ne mai sufok, wanda ake ɗaurewa da noti ɗaya a tsakiya ana bugawa da guduma. Na kai wurin masu taya sun yi balansin, suka liƙa dalma da yawa, ba abin da ya canja, na koma wani yaron ya ɓamɓare su ya liƙa wasu a wani gefe daban, nan ma shiru, alaimen ma an yi. Yanzu wani abokina yace rak ɗin sitiyarin ne ya mutu in sayi sabo, wani kuma yace shokazoba ce. Tayoyin dai zanensu kamar sababbi. Nace kafin in zuba kuɗi bari in ji ta bakinka. Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatu daga Bamingam, Ingila

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri ya tsare hanya. Ka sayi mota mai daɗin sha'ani. MGB ɗin nan an yi ta ƙera ta a Abingdon kusa da Oksfod daga 1962 har 1980, sama da rabin miliyan aka yi, shi yasa har yau da wuya ka nemi kayanta a Ingila ka rasa, kuma sauƙin samun kayan nan shi ke sa masu ita su yi ta canje-canje da ka, a cire wannan a sa wancan, aljihu ya ƙare rawa na nan daram.

Maganar rak, riƙe kuɗinka tukuna. Rak, wato sandar nan mai haƙora da ke tura tayoyin gaba hagu dama, baya juyawa da gudun mota, yana zaune ne sai ka murza sitiyari yake motsi. Rawar da take zuwa a wani gudu na musamman, ta lafa in an wuce shi, abu mai juyawa ne ke haifar da ita. Rak ko tayarod ko bushin da suka saki suna ƙara mata ƙarfi ne su miƙo maka ita a hannu, amma ba daga su ta taso ba, in ka canja su ma sai dai ta ragu na ɗan lokaci sannan ta cinye sababbin.

Ga yadda lissafin yake. Rim ɗin MGB inci 14 ne, yawanci taya 165 ake sa mata, zagayenta ya kusa mita biyu. A mil 60, wato wajen kilomita 97 a awa, tayar na juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya. Ita kuma ƙafar mota, wato taya da hob (cibiyar da rim ke zama a kai) da sifirin da duk abin da ke maƙale da su, tana da nata saurin da take son yin tsalle a kai, a yawancin motoci yana faɗawa tsakanin sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Da juyawar taya ta zo daidai da wannan sai su haɗa baki. Nauyin giram 30 kacal da ya yi yawa a gefe ɗaya na bakin rim, a wannan gudun yana fizgar ƙafar kamar kilo huɗu, sau 14 kowace daƙiƙa. Kamar fankar sama ce da fiffikenta ɗaya ya ɗan lanƙwashe, a wata lamba shiru, a wata ta kama lilo kamar zata faɗo, ka ƙara mata gudu ta ɗan natsu alhali lanƙwasar tana nan. Toh lafawar da kake ji a 70 kenan, ba warkewa ba ce.

Kafin a taɓa sifana akwai gwajin da zaka yi da kanka a hanya miƙaƙƙiya mara cunkoso, kuma baka buƙatar wuce 70 ɗin da doka ta yarda. Ka kai ta inda rawar ta fi ƙarfi, sai ka take kuloci ka bar injin ya sauka. In rawar na nan yadda take, injin da kuloci sun fita daga zargi. In taka mai obadiraif ce, wato ƙaramar giyar lantarkin nan da ake kunnawa da makunni a giya ta uku da ta huɗu, abin ya fi sauƙi ma, kunna ta kawai, juyin injin zai sauka da kusan kashi ɗaya cikin biyar, tayoyi da farfela (sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya) kuwa gudunsu bai canja ba. Rawa ta canja, injin ne ko kujerunsa na roba. Bata canja ba, ƙasa zamu duba. Sannan ka lura a ina kake jin ta, a hannu ne kawai ko har a kujera da ƙasan ƙafarka. Ta hannu yawanci ƙafafun gaba ne, ta kujera ƙafafun baya ne ko farfela. Ka ɗan taɓa birki a hankali ka ji ko ta ƙaru. Ka kuma lura ko tana raguwa bayan ka yi kamar minti ashirin kana tafiya tayoyi sun ɗau zafi.

Sai gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya kuma kyauta ne: ka mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, kowacce a gefenta, ta dama ta tsaya a dama. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, ko ta ragu sosai, an gama magana, taya ce ko rim, ba ruwan rak.

Yanzu tayoyin. Kace zanensu kamar sababbi, wallahi wannan jimlar ita ta fi tayar min da hankali a duk wasiƙar. Motar da ake ajiyewa tayarta bata cinyewa, tsufa take yi. Duba gefen tayar inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, misali 2314 na nufin mako na 23 na 2014. In ka ga lambobi uku ne kawai toh kafin shekarar 2000 aka yi ta, kar ma ka ƙara hawa babbar hanya da ita. Manyan kamfanonin taya irin su Michelin suna cewa taya in ta kai shekara goma a cire ta komai kyan zanenta. Kuma motar da ta yi shekaru a tsaye wuri ɗaya, musamman in iska ta ragu, inda ya taɓa ƙasa yakan lotsa ya zama shafaffe. In ajiyar 'yan makonni ce, zafin tafiya na mayar da shi daidai, shi yasa nace ka lura da minti ashirin ɗin nan. In ta shekaru ce lotsawar ta zauna kenan, kuma ba dalmar da zata gyara tayar da ba zagayayya ba, injin balansin zai iya nuna maka sifili sifili tana kan tsalle a titi. Ga kuma tif. Rim mai sufok irin na asali dole sai da tif a ciki, don iska na fita ta ramukan sufok ɗin, in tif ɗin ya fi ƙarfin tayar ya naɗe a ciki, ko an yi masa faci kan faci, shi ma nauyi ne a gefe ɗaya.

Sai balansin ɗin da aka yi maka, nan ne nake ganin aka yi aikin banza. Abin da ka faɗa da bakinka, na farko ya liƙa dalma da yawa, na biyu ya cire ya liƙa a wani wuri daban, alama ce ta cewa ba a ɗaura rim ɗin daidai a kan injin ba. Rim ɗaya, taya ɗaya, ai bai kamata amsa ta zama biyu ba. Rim na yau da kullum bayansa shafaffe ne, ramin tsakiyarsa an feƙe shi daidai, sai a zura masa mazugin ƙarfe a matse shi a jikin farantin injin, shi kenan. Rim mai sufok ba haka yake zama a mota ba. Tsarin tsohon kamfanin Rudge-Whitworth ne na Kobantiri, rim ɗin na zama ne a kan gangare biyu, ɗaya a ciki a gindin hob, ɗaya a waje inda notin tsakiyar nan yake rungume bakinsa. Wuraren nan biyu kaɗai aka feƙe daidai da tsakiya. Faffaɗan ƙarfen bayan da sufok ke shiga matsa shi kawai aka yi, ba a daidaita shi ba. Yaron shago da bai saba ba zai matse wannan bayan a jikin faranti, ko ya cusa mazugi cikin ramin waje, rim ya zauna a ɗan karkace, inji ya ga yana lilo ya ce a sa giram kaza nan giram kaza can, a liƙa, ya nuna sifili, kowa ya yi murna, a mayar da shi mota ya zauna a mazauninsa na gaskiya, sai dalmar nan ta zama ita ce cutar. Ba laifin yaron ba ne sosai, a wata nawa yake ganin irin rim ɗin sau ɗaya.

Abin yi, ka nemi shagon da ke aikin tsofaffin motoci, ka tambaye su kai tsaye ko suna da mazugan rim mai sufok, na ciki da kuma na waje mai kamar kofi wanda ke kama rim ta inda notin ke kamawa. Masu sayar da kayan MG suna sayar da saitin, wasu masu motar saya suke yi su ajiye a but su riƙa zuwa da abinsu. In an gama inji ya nuna sifili, ka roƙe su su sassauta, su juya rim ɗin rabin zagaye a kan sandar injin, su ɗaure su sake kunnawa. In ya sake nuna kusan sifili aiki ya yi. In ya nemi wata dalmar mai yawa, zaman ne ba daidai ba. Akwai kuma masu injin da ke yin balansin taya tana jikin mota, sun yi ƙaranci yanzu amma in ka samu ya fi, don yana haɗawa har da hob da faifan birki, sai dai ka sa alama a rim da hob don in ka cire ka mayar yadda yake.

Amma kar a kai ga balansin sai an duba rim ɗin kansa. Ɗaga gaban motar a jak, ka tokare ta da ƙarfen tokara, kar ka yarda da jak shi kaɗai. Ɗauki ƙaramar sifana ka bi sufok ɗin kana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, guda 60 ne a kowane rim na asali. Mai ɗauri zaka ji ya yi ƙara siririya, wanda ya saki zaka ji shi dum kamar ka bugi katako. Biyu uku da suka saki a jere sun isa su sa rim ya riƙa motsi a ƙarƙashin nauyi ko da a ido lafiya yake. Kar ka kama ɗaure su taya na jiki, kan sufok ɗin na iya leƙowa ciki ya huda tif, kuma ɗaure sufok sana'a ce, ka ja nan can ya goce. Bayan nan ka ajiye bulo kusa da tayar, ka ɗora alli ko sukudireba bakinsa ya kusa taɓa leɓen rim, ka juya a hankali. Gocewar da ta wuce kamar milimita ɗaya da rabi, gefe da gefe ko sama da ƙasa, ta isa a kai rim ɗin gyara. Sai ka maimaita a kan zanen tayar. In rim na tafiya daidai amma taya na hawa tana sauka, ka san mai laifi.

Cire rim ɗin kuma ka goge tsohon giris ka kalli haƙoran hob da na cikin rim. Ka tuna notin gefen dama zarensa na hagu ne, na gefen hagu zarensa na dama ne, hanya mai sauƙi ita ce kowanne ana kwance shi ne ta inda taya ke juyawa in mota na tafiya gaba, kuma akwai kibiya a jikinsa. Haƙori mai lafiya kansa da ɗan faɗi, wanda ya cinye zaka ga ya yi tsini ko ya kwanta gefe ɗaya. Alamarsa a tuƙi ita ce ƙwas ɗin da ake ji in an tashi ko an taka birki ko an sa ribas. Wannan ya wuce maganar rawa, in haƙoran suka ƙare hob na iya tsayawa da birki taya ta ci gaba da juyawa, Allah ya kiyaye. In sun cinye, rim da hob tare ake canjawa, tsohon ɗaya zai cinye sabon ɗaya. In lafiya suke, shafa musu giris kaɗan har da gangaren, ka buga notin ya ɗauru sosai taya na sama, sannan ka sauke.

Tunda motar na sama, kama tayar hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa ka girgiza. In akwai motsi, sa wani ya take birki ka sake. Motsi ya ɓace, boris ne. Yana nan, kinfin ne, wato sandar tsaye da ƙafar gaba ke juyawa a kai in an murza sitiyari, ko bushin ɗinsa, don MGB bata da boljoyin irin na motocin yanzu, kinfin gare ta, kuma yana son giris duk mil 3,000, abin da masu ajiye mota basa yi. Boris ɗin gaban ma nasa tsarin daban ne, akwai ƙarfen tazara da siraran washa a tsakani, da su ake saita shi ya bar motsi ɗan mitsitsi, inci 0.002 zuwa 0.004, sannan a ɗaure noti tamau. Bakaniken da ya saba da motocin da ake ɗaure noti a ɗan sassauta, in ya yi haka a nan ya ɓata. Sai ka kama tayar hannu ɗaya dama ɗaya hagu ka girgiza, wannan shi zai nuna maka tayarod da rak, kuma sai ka ga motsi a nan da idonka sannan maganar abokinka ta taso.

Abokinka na biyu mai cewa shokazoba ya fi kusa da gaskiya. Ta MGB ba doguwar nan ba ce, 'yar tukunya ce ta kamfanin Armstrong mai hannu, cike da mai, kuma a gaba hannun nata shi ne ma hannun sama da ke riƙe da ƙafar. In mai ya tsiyaye ba abin da zai danne tsallen tayar, in kuma sandarta ta yi lako-lako ko kusoshin da suka ɗaure ta sun saki, ƙafar gaba ɗaya ce ke motsi. Duba ko akwai jiƙar mai inda hannun ya fito, ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki, ta taso ta tsaya, in ta yi ta lilo ta gaji.

Farfela ban sa ta a gaba ba saboda kace a hannu kake ji. Tana juyawa kusan sau 3.9 kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka tata rawar ba kaɗawa ba ce, gurnani ne mai laushi da ke sa madubi ya yi dishi-dishi, kuma yakan canja in ka taka totur ko ka saki. In ka ji haka a duba kuros ɗinta biyu, wato gaɓoɓin da ke ƙarshenta gaba da baya, da kusoshin bakinta.

Alaimen kuwa, kuɗin dai ya tafi. Alaimen na hana taya cin gefe ne da jan mota gefe ɗaya, baya maganin rawa, a MGB ma abu ɗaya ake iya saitawa a gaba, ɗan tsukewar bakin tayoyin, inci 1/16 zuwa 3/32.

In ka ce in faɗi inda na fi zargi, tsofaffin tayoyin da suka lotse a ajiya, aka zo aka ƙara musu da balansin ɗin da ba a ɗaura daidai ba. Karanta lambar DOT ɗin yau, in sun tsufa ka sa sababbin taya da tif da robar da ke rufe kawunan sufok, a duba rim ɗin yana tsirara kafin a sa, a yi balansin da mazugan da suka dace. Wani abu kuma, na san tun 2018 motar da ta haura shekara 40 a nan inda kake ba dole ba ne a kai ta gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT in ba a yi mata babban sauyi ba, wanda ke nufin ƙila an daɗe wani bai leƙa ƙarƙashin taka ba. Ka kai ta don kanka, a ɗaga ta a duba.

TAMBAYA

Salam Injiniya. Marsandi ce 280 SL ƙirar 1983 na gada wurin mahaifina Allah ya jiƙansa, na gyara ta tsaf, yara suka matsa na cire rim ɗinta na sa manya inci 17 da na saya a kasuwa. Tun daga nan in na hau hanyar Zariya na kai kilomita 90 zuwa 110 sai sitiyari ya kama karkarwa. An yi balansin, an canja 'yar shokazobar sitiyari, ya ɗan ragu kawai. Mene ne abin yi?

Alhaji, daga Kano

AMSA

Amin Alhaji, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Ranka ya daɗe ai ka riga ka ba da amsar da kanka, tun daga nan ɗin da ka ce. In tsofaffin rim ɗin na nan a gida a mayar da su a hau hanyar a ji, gwajin rabin yini ne.

Abin da ya fi faruwa shi ne ramin tsakiya. Marsandi irin taka rim ɗinta na zama ne a kan ɗan leɓen hob mai faɗin milimita 66.6, leɓen ne ke tsayar da shi a tsakiya, kusoshi biyar ɗin matsewa kawai suke yi. Rim ɗin kasuwa da yawa ana yin raminsu da faɗi, irin su 73.1, don su shiga motoci daban-daban, ana haɗo su da zoben roba ko na alminiyam da ke cike gibin, zoben nan kuwa kafin rim na hannu ya iso kasuwa ya daɗe da ɓata. Ba zobe, rim zai rataya a kan kusoshi ya sauka ƙasa da tsakiya kaɗan, a inji balansin lafiya, a mota yana tsalle. A auna ramin a nemo zoben da ya dace, in ba a samu ba masu feƙe ƙarfe a inji zasu iya fitar maka da shi in an basu awo daidai.

Sai kusoshin. Na Marsandi na asali wuyansu zagayayye ne kamar rabin ƙwallo, rim ɗin kasuwa da yawa kuma mazauninsu mai gangare ne. In aka sa wannan a wancan, a bakin layi ɗaya siriri kawai suke haɗuwa, basa riƙe rim daidai kuma suna iya kwancewa a hanya, wannan ba abin wasa ba ne Alhaji, a duba shi kafin a sake fita. A duba tsawonsu ma. A kankare tsatsar fuskar hob, a ɗaure su taya na sama ana tsallake ɗaya ana ɗaure na gaba, a ƙarasa da sifanar awo a 110 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), ba yaro ya hau kan sifana da ƙafa ba.

Kuma inci 17 na nufin taya siririya, ramin titi ɗaya ya isa ya lotsa leɓen rim na ciki inda ido baya gani, sai an juya shi a inji ana kallon bayan. In tayoyin ma na hannu ne a karanta shekararsu kamar yadda na gaya wa ɗan'uwanmu na sama. 'Yar shokazobar sitiyarin da aka canja rufe rawar kawai take yi, shi yasa ta ragu bata tafi ba. In an mayar da rim na asali har yanzu akwai saura, a duba bushin ɗin hannun da ke riƙe da sandar sitiyari ta gefen fasinja, yana yawan saki a waɗannan motocin, da kuma faifan robar nan biyu da boris ɗin tsakiya na farfela in ana ji a kujera. Ni dai a son raina motar nan ta fi kyau da takalmanta na gado, ta kuma fi daɗin tuƙi a titunanmu.

TAMBAYA

Baba barka da aiki. Datsun 280ZX gare ni, a gudu lafiya take ko na kai 120, amma da na taka birki daga babban gudu sai sitiyari ya kama kaɗawa, feda ma na bugun ƙafata. Na sa sababbin fad bai daina ba.

Ɗanka daga Maraɗi

AMSA

Yawwa ɗana, taka ba ruwanta da balansin. Faifan birkin gaba ne kaurinsa ya bambanta, wani wuri ya fi wani, bambancin da bai kai kaurin takarda ba ma ya isa, duk zagaye sai ya ture fad baya, shi ne bugun da kake ji a feda. Sabon fad a kan faifan da ya lalace ba zai gyara komai ba. A cire faifan biyu a auna su, akwai mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, galibi a rubuce yake a jikin faifan, in da saura a feƙe su duka biyun, in sun kusa kaiwa a sa sababbi. Kafin a mayar a kankare tsatsar inda faifai ke zama a jikin hob har sai ƙarfe ya fito fes, a kuma saita boris, in ba haka ba sabon ma zai zauna a karkace ya koma gidan jiya cikin 'yan watanni.

A binciki abin da ya jawo kuma. Bayan ka yi tafiya ka tsaya, kusanto da hannunka kusa da kowane rim na gaba ba tare da ka taɓa ba, in ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai kalifar gefen, wato abin da ke matse fad a jikin faifai, na riƙewa. Ko fistin ɗinta ne ya yi tsatsa, ko ƙarafan da take zamewa a kai sun bushe, ko kuma tiyon robar birki ne ya ruɓe ta ciki yana barin mai ya shiga baya barinsa ya koma. Motar da aka daina yi tun 1983, in ba ka san ranar da aka canja tiyon nan ba, ka canja su duka ka zuba sabon man birki.